Wrex, Clementine ko Alistair: wane wasa ne ke riƙe abin da ka yi wa abokin tafiyarka?

Ranar da aka ba su hutu a Kwalejin Waziri Umaru, ɗan yayata ya faɗo shagona a Birnin Kebbi da laftof a hammata. Ina tsakar share fankar wata kwamfuta da ƙurar hunturu ta toshe. Ya ce ƙwallon gem ta ishe shi, shekara da shekaru abu ɗaya, ka ci, a ci ka, a tashi. Ya jawo benci ya zauna.

"Kawu, wasannin nan da kaka cewa mutanen ciki na riƙe abin da kay yi musu, wanne za ni saye? Kuɗin guda ɗai ag gare ni."

Uku yake nufi, don su ya saba jin ina ambata: Mass Effect, The Walking Dead na kamfanin Telltale, da Dragon Age. Na ba shi amsa a tsaitsaye a ranar, amma maganar ta fi ƙarfin tsayuwa, shi ya sa na zauna na rubuta ta. In faɗa tun yanzu, ba yadda za a yi wannan zance ba a fasa ƙwai ba. Wanda ba ya son sanin wa zai mutu, ya gangara can ƙasa inda na shiga batun giga da wuta.

Hajar da ake tallatawa a duka ukun ita ce abokin tafiya: wani na cikin labarin da ba kai ne shi ba, amma yana biye da kai, yana jin abin da kake faɗa, yana ganin hukuncin da kake yankewa. Masu talla za su ce maka kowane zaɓinka yana da tasiri. Ba haka ba ne, ba kuma zai yiwu ba. Duk reshen da labari ya fitar sai an biya marubuci, an biya mai murya, an biya mai zane. Saboda haka kowane kamfani yana da inda yake sakin hannu da inda yake matse shi. Abin da ya kamata ka tambayi kanka shi ne inda kake so a sakar maka: a kan ran abokin naka, ko a kan halinsa, ko a kan abin da ke tsakaninku.

Na fara da Mass Effect, don shi na fi daɗewa a ciki. Kamfanin BioWare na birnin Edmonton a Kanada ya fitar da shi kashi uku, a 2007 da 2010 da 2012. Kai ne Kwamanda Shepard, mai jagorantar wani kumbon sararin samaniya, tun daga farko har ƙarshe, namiji ko mace, kuma ajiyar da ka gama na ɗaya da ita, wato tarihin abin da ka yi da na'ura ta adana, kake ɗauka ka shiga na biyu, ta biyu ka shiga na uku. Wannan ajiya ita ce ƙashin bayan komai.

Ɗauki Wrex. Jibgegen sojan haya ne mai tabo a fuska, ɗan wata al'umma da ake kira krogan, waɗanda aka sa wa cutar hana yaɗuwa da gangan, har ya zama cikin haihuwa dubu ɗaya ce ke zuwa da rai. A duniyar Virmire sai aka gano maƙiyinka ya samo maganin cutar, kai kuma aikinka shi ne ka tarwatsa wurin. Nan Wrex ya zare maka bindiga a bakin ruwa. In ka saba zuwa wurinsa hira a cikin kumbo har ka taya shi ƙwato sulken gidansu, ko kuwa ka gina wa Shepard iya lallashi ko iya tsawa, zai sauke bindigar. In ba ka yi ko ɗaya ba, a nan za a bar gawarsa, ko kai ka harbe shi ko wata soja ta cikin tawagarka.

Ni na tsirar da shi a karon farko. Sai ga zafin watan Afrilu, irin namu na Kabi da ko bango ka taɓa sai ka janye hannu, ma'ajiyar laftof ɗina ta mutu da ajiyar a ciki. Na ce ba komai, na fara na biyu haka nan. Ashe in ba ka kawo ajiya ba, wasan da kansa yake yanke maka tarihi, kuma a tarihin da ya yanke, Wrex ya mutu. Na isa Tuchanka, duniyar krogan, ina ɗokin gaisawa, sai na tarar da wani ɗan'uwansa mai suna Wreav a kan karaga yana kallona kamar mai bin bashi. Na ajiye hannun wasa na koma na ɗaya daga tushe. Da na sake dawowa Tuchanka da ajiyata, Wrex ya taso daga karagar, ya ture waɗanda ke gabansa, ya zo ya kama hannun Shepard. Daƙiƙa kaɗan ne, amma sati biyu na biya kafin in gan su.

Abin bai tsaya a gaisuwa ba. A na uku, maganin cutar ya dawo hannunka, kuma ana yi maka raɗa a gefe cewa ka lalata shi a ɓoye a ba ka rundunar yaƙi. In Wreav ne a kan mulki, ba zai taɓa ganewa ba, kuma da ma mai neman ramuwa ne, har zuciyarka za ta iya ba ka uzuri. In Wrex ne, zai gano, zai biyo ka har babbar tashar da ake kira Citadel, kuma ba zai fita da rai ba. Likitan da ke haɗa maganin, Mordin, yawanci ba ya tsira daga wannan aiki. Hanyar tsirar da shi guda ce, sai in Wrex ya mutu tun a na ɗaya, kuma macen krogan da ake kira Eve ta mutu, ita kuwa rayuwarta ta rataya ne a kan wasu bayanan bincike da ka adana ko ka goge a na biyu. Ka ga igiya ɗaya ta ratsa wasa uku. Ban san wani jerin wasa da ya ɗaure ƙulli irin wannan ya kuma kwance shi da kyau haka ba.

To amma ga inda BioWare suka matse hannu, kuma a kan wanda mutane suka fi so ne, wato Garrus. A na ɗaya ɗan sanda ne da dokokin ofis suka ƙuntata wa, kullum yana ganin da an bar shi da ya gama da miyagu. Kana iya yi masa nasiha cewa doka tana da dalili, kana iya zuga shi. Akwai ma wani mugun likita, Saleon, da za ku bi, inda za ka nuna masa kamawa ko kashewa. Ka gama tarbiyyarka, ka shiga na biyu, sai ka same shi a tashar Omega ya zama mai ɗaukar doka a hannu, yana harbin 'yan daba da ke tsallako masa gada. Ko wace nasiha ka yi masa, nan za ka same shi. Jimla ɗaya ko biyu ce ke canzawa. Haka in ya zo ɗaukar fansa a kan Sidonis, wanda ya ci amanar tawagarsa, kana iya tsayawa a gaban bakin bindiga ka hana shi, kuma wurin yana da daɗin gani, amma Garrus ɗin da za ka haɗu da shi a na uku kusan shi ne dai. Mass Effect ya iya tambayar wa ya rayu, wa ya mutu, wa ya gaje shi. Halin mutum kuwa, marubuta ne ke riƙe da linzami.

A batun rai dai ba su yi rowa ba. Yaƙin ƙarshe na na biyu, cikin abokan tafiya 12 babu wanda ba zai iya mutuwa ba. Ya danganta da ko ka biya wa kowa buƙatarsa, ko ka gyara kumbon, ko ka ba kowa aikin da ya dace da shi. Ka tura wanda bai san kan na'ura ba cikin bututu, ka rasa shi, kuma ba zai bayyana a na uku ba. Tali, wadda ita da Garrus ne kawai ke cikin tawagarka a duka ukun, tana iya faɗawa daga kan dutse a Rannoch, duniyar kakanninta, in ka zaɓi abokan gabar mutanenta. Ƙarshen labarin gaba ɗaya kuma ya jawo ƙorafi sosai a 2012, har kamfanin ya fitar da ƙarin bayani kyauta a watan Yuni na shekarar, saboda mutane sun ga bayan duk wannan wahala ƙofofin fita kusan kamanninsu ɗaya. Ƙorafin yana kan hanya. Amma ni na ɗauki Tuchanka da Rannoch a matsayin inda aka biya ni.

The Walking Dead wani kifi ne daban. Telltale na Kalifoniya suka fara shi a Afrilun 2012, kashi biyar, kowanne kamar awa biyu. Kai ne Lee Everett, malamin tarihi da ake kai wa kurkuku lokacin da gawarwaki suka fara tashi a jihar Jojiya. Ka tsinci yarinya 'yar shekara 8, Clementine, ta ɓuya a wani ɗan ɗaki a kan bishiya, iyayenta suna Savannah. Daga nan riƙonta ya hau kanka.

Babu harbin gwaninta a nan, babu tara makamai. Magana ce, da ɗan lokaci ƙanƙane da ake ba ka ka amsa. Ka faɗi wani abu, sai rubutu ya fito a kusurwar allo cewa Clementine za ta tuna da wannan. Kuma takan tuna ƙananan abubuwa. In ka yi ashar a gabanta a garken wata gona a kashi na farko, za ka ji ta maimaita kalmar a kashi na biyu a gaban mutane, kunya ta kama ka kamar 'yarka ce ta cikinka. Akwai wata mota da za ku tarar cike da abinci ba kowa a ciki, ga yunwa. Ka ce a ɗiba ko ka ƙi, sauran za su ɗiba. A kashi na biyar mai motar zai zaunar da kai ya lissafo maka abubuwan da ka aikata ɗaya bayan ɗaya, yana tambayarka ko ka cancanci riƙon yarinya.

Misalin motar nan shi ne gaskiyar wasan baki ɗaya. Hanya ɗaya ce. Cikin mutanen ayarinku, ka ceci Carley ko Doug a kashi na farko, wanda ka ceta zai mutu a na uku. Lee zai gamu da cizo ko me ka yi, kuma abin da ya rage maka shi ne ka ce wa yarinyar ta harbe ka ko ta tafi ta bar ka. A zango na biyu, wanda ya fara a Disambar 2013, kai ne Clementine tana da shekara 11, kuma an ba ka ƙarshe mai rassa tsakanin manya biyu da take tare da su, Kenny da Jane. Zango na uku na 2016 ya zo ya share su duka biyun cikin ɗan waiwaye na 'yan mintuna. Abin da ya rage shi ne alama a jikinta: tabo a goshi, ko a kumatu, ko zane a hannu, ko guntun yatsa, gwargwadon hanyar da ka bi. Wanda ya zo neman sauya tarihi zai ji an yaudare shi, kuma ba zan ga laifinsa ba.

Duk da haka ban taɓa jin nauyin abokin tafiya a wuyana kamar yadda na ji a nan ba. Dalili, ba a tambayarka me zai faru, ana tambayarka me za ka koya wa yaro alhali abin zai faru ko ta yaya. Mu da muka tashi a gidajen da ɗan ƙanwa da ɗan wa duk naka ne, wannan tambaya ba baƙuwa ba ce. Zango na ƙarshe ya juya tabarmar: Clementine ce yanzu ke riƙon wani yaro, AJ, wanda bai san wata duniya ba sai ta gawarwaki. Duk dokar da ka kafa masa zai ɗauke ta a zahirinta, har ya harbi mutumin da ya riga ya ajiye makami, ya juyo yana tambaya me ya yi ba daidai ba. Kusa da ƙarshe za ka yanke ko ka yarda ya riƙa yanke hukunci da kansa, kuma amsarka ce ke nuna wanda zai mutu a kan wata gada. A nan kam tarbiyya ta taɓa labari. Kaɗan ya rage ma wannan zango bai ƙare ba, domin Telltale sun sallami mafi yawan ma'aikatansu a Satumbar 2018 ana tsakiyarsa, sai kamfanin Skybound ya ɗauka ya kammala a Maris na 2019.

Dragon Age kuma na BioWare ne, takobi da tsafi da dodanni, kashi huɗu: 2009, 2011, 2014 da 2024. In halin mutum kake son lanƙwasawa, nan ne aka fi sakar maka hannu. Alistair na Origins, wato kashi na farko, saurayi ne mai barkwanci da gudun shugabanci, alhali jinin sarauta ne. Ka raka shi Denerim wurin matar da yake ɗauka 'yar'uwarsa ce, ita kuwa ta tarbe shi da gori da neman kuɗi. Abin da ka faɗa masa a bakin ƙofa bayan kun fito yana iya taurara masa zuciya, ya fara tsayawa kan ra'ayinsa, har sarautar ta daina ba shi tsoro. A ƙarshe yana iya zama sarki, ko ya ci gaba da aikin mayaƙi, ko a kashe shi, ko a kore shi ka same shi a na biyu ya zama mashayi a wata mashaya ta Kirkwall. A Inquisition, wato na uku, akwai Iron Bull, ɗan leƙen asiri da za a sa ka zaɓa tsakanin yaran rundunarsa da ƙawancen ƙasarsa. Ka sadaukar da yaran, zai ci gaba da yi maka fara'a, sai a ƙarin labarin Trespasser na 2015 ya juya maka baya da umarnin mutanensa, ko da kun ƙulla soyayya.

Matsalar ita ce igiyar da ke tsakanin wasannin ba ta da ƙarfi. Kowane kashi sabon jarumi kake zama, abokan da kuma sai dai su leƙo su wuce. Wata abokiyar tafiya, Leliana, kana iya kashe ta da hannunka a Origins, ka same ta da ranta a na biyu da na uku, sai daga baya aka lalubo wani bayani aka liƙa. Inquisition ba ya karanta tsohuwar ajiyarka, sai ka shiga wani shafin intanet mai suna Dragon Age Keep ka cike abin da ka yi kamar fom. The Veilguard na 2024 kuwa zaɓi uku kacal ya ɗauko daga baya. Dragon Age a ganina wasanni ne masu kyau ɗai-ɗai, musamman na farkon, ba tafiya ɗaya da aboki ɗaya ba.

Yanzu batun giga da wuta, wanda a garin nan shi ke yanke hukunci kafin son zuciya. A Mayun 2021 an haɗa Mass Effect ukun wuri ɗaya da sunan Legendary Edition, da kusan duk ƙarin labaransu, a PS4 da Xbox One da kwamfuta. A kwamfuta yana neman wurin giga 120 da katin hoto na kirki. Wanda zai sauke wannan da datar waya ya san abin da ya tara, faifai ya fi masa. Yana kuma son zama mai tsawo, kuma akwai wuraren da ba a ajiya a tsakiyar faɗa, in aka ɗauke wuta ka koma baya. The Walking Dead an haɗa shi a 2019 da sunan Definitive Series, kashi 23, nauyinsa bai kai rabin wancan ba, kuma laftof mai matsakaicin ƙarfi na ɗaukarsa. Zangunan farko ma an fitar da su a Android da iPhone, na ƙarshe ne bai zo waya ba. Kashi ɗaya yakan shige cikin cajin batir ɗaya. Dragon Age Origins tsohuwar kwamfuta na jansa lafiya, amma babu PlayStation guda da ke ɗaukar huɗun duka.

Sai Turanci. Dukansu da Turanci za ka yi su. A Mass Effect da Dragon Age yawanci ana jiranka ka karanta ka yi tunani, ko da yake Origins karatu ne mai yawa, jarumin ma ba ya magana da murya. A The Walking Dead lokaci na tafiya, in ka yi jinkiri shirunka ya zama amsa. Wanda karatunsa ke da nawa zai sha yin shiru ba da niyya ba. Kuma duka ukun na manya ne: akwai jini, akwai ashar, akwai giya. Na BioWare suna da soyayya da wuraren da ba za ka so a shigo a same ka kana kallo ba, sai dai kana iya kauce musu gaba ɗaya in ba ka bi hanyar ba. Ba wasan da za a kunna a tsakar gida yara na zagaye ba ne.

Ga abin da na ce wa ɗan yayata. In abin da kake so shi ne ka ga wanda ka tsirar yau ya tarbe ka bayan wasa biyu, kuma kana da na'ura da wata guda na hutu, Mass Effect ne, ba na ko tantama. In na'urarka ba ta da ƙarfi, ko lokacinka guntu-guntu ne, ko kuwa labari ne ya dame ka ba harbi ba, ɗauki The Walking Dead, amma ka shiga da sanin cewa yarinyar kake gyarawa, ba hanyar ba. Dragon Age ka bar shi sai ka gama ɗaya daga cikin biyun, in ka zo kuma ka fara da Origins, kada ka sa rai na gaba zai san ka.

Laftof ɗinsa ba shi da katin hoto, na ce masa Clementine ce daidai da shi. Bai ji ba. Ya sa wani abokinsa ya taho masa da faifan Mass Effect daga Sakkwato, ya maƙale wa PS4 ɗin da ke bayan shagona, kullum bayan la'asar. Shi mai son faɗa ne, da an gama aiki sai ya zarce na gaba, ba ya sauka ƙasan kumbo gaida kowa. Na gani, na yi shiru.

Shekaranjiya ina ɗaure wa wani allon laftof na ji ƙarar harbi ɗaya, sai shiru. Can ya leƙo.

"Kawu, matar nan ta harbe Wrex. Ni ban ce ta harbe shi ba."

Na ce ka taɓa tambayarsa labarin gidansu? Ya ce wane gida. Ajiyarsa ta ƙarshe kafin Virmire ta kwana uku ce. Ya tsaya yana kallon jerin ajiyar har aka kira magariba. Da muka dawo daga masallaci ya danna ta kwana ukun. Yanzu haka yana duniyar Tuntau yana neman sulken, batirin sola kuma saura layi ɗaya.